Yadda Na Jiƙa wa Teku Kanwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya tara ruwa wuri ɗaya ya hana shi zama lafiya. Bayan haka, ku matso ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Anaruwa ɗan Korau, mutumin Ɓaure-Uku ta ƙasar Kalmaru, mai gemun da ake misali da shi, kuma yau zan wanke kaina. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana zaluntata da baki. In na ratsa kasuwa sai in ji ana raɗa, "Ga wanda ya jiƙa wa teku kanwa." Kowa ya riƙe farkon labarin, ba mai faɗin ƙarshensa. To, ga shi daga bakin mai shi.

Garinmu ba shi da komai sai kanwa. Ka haƙa rijiya ka tarar da kanwa, ka haƙa tushen gini ka tarar da kanwa. Maƙwabtanmu duk sun ƙoshi da ita, har in ka kai musu kyauta sai su ce ka gaida gida. Abin da ba mu da shi kuwa shi ne ƙarfe. A shekarar da nake ba ku labari ƙarfe ya yanke ƙaf. Maƙera suka kashe wuta suka koma tufkar igiya. Garemani sun cinye sun koma kamar cokali, fartanya kuwa sai ƙota. Dattawa suka taru suka ce in damina ta sauka a haka, da farce za mu yi noma.

Sai wani tsohon falke ya ce akwai wani birni a ƙarshen ƙasa, ana ce masa Tarmasu, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarfe kamar itacen girki. Aka tara kanwar gari kaf, kayan jaki sittin, aka ce wa zai kai ta ya musanyo ƙarfe kafin ruwan farko. Wata huɗu ya rage. Na miƙe na shafa gemu na ce, "Harkar ruwa ce, kuma kun san sunana. Ana ruwa aka haife ni."

Sai na ji murya daga bayan taro: "Shi ya sa kanka ya jiƙe har yau bai bushe ba."

Tasalla ce, 'yar kawuna, taubashiyata, wadda Allah ya halitta musamman don ta rage mini jin daɗin duniya. Ta kutso gaba ta ce, "Jaki goma a cikin nan nawa ne. Ba zan sakar wa bawan gidanmu dukiyata ba. Ƙafata ƙafarsa."

Ranar tashi, Baba Nomau, tsohon maƙerin garinmu, ya riƙe hannuna da hannunsa mai kanta ya ce, "Ɗana, ka taho mini da abin da zan daka. Kunnena ya gaji da shiru." Na ce ya fara gyaran zugazugi.

Kwana arba'in muka yi a hanya. Abin da zan ba ku daga cikinta ɗaya ne, don zai dawo. A tsakiyar tafiya akwai wani kogi mai zurfi, da gada guda ɗaya tak, ana ce mata Gadar Maƙaryata. Masu tsaronta ba sa karɓar wuri, ba sa karɓar hatsi. Kuɗin ƙetare a wurinsu ƙarya ce, sabuwa ful, ɗaya a kan kowane jaki. Ƙarya sittin ba za ta gagare ni ba ko da zazzaɓi nake, amma ran nan raina ne ya ɓaci. Na ce wa babbansu, "Kai, dube ni da kyau. Mutumin da ya fi kowa kyan gemu daga nan har mafitar rana, wanda bai taɓa cutar kowa a ciniki ba, shi za ka ce ya yi maka ƙarya?"

Mutumin nan ya dube ni, ya riƙe ciki, ya zube ƙasa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ku buɗe musu! Wannan ta biya wa jaki sittin har da matar." Tasalla ta yi kwana uku tana dariya. Ni kuwa har yau ban ga abin dariya ba.

A rana ta arba'in muka hau wani tudu, sai ga Tarmasu shimfiɗe a ƙasa. Jama'a, na ga gari! Bayan garin kuwa wani tafki ne wanda ba shi da ɗaya gefen, shi ne teku. A bakinsa jirage jere, sandunansu a tsaye kamar kurmin da ganye ya kaɗe. Giwaye na jan igiya, wasu manyan itatuwa masu wuya kamar na raƙumin dawa suna ɗago kaya daga cikin jirgi su dire a tudu. Nan tarin kanumfari, can masoro, can alharini, can tangaran da takarda da allura. Ta ƙofofin tudu kuma ayari ne ke kwararowa: masu auduga, masu fata, masu gyaɗa, masu man kaɗanya, ga kwale-kwalen shinkafa suna gangarowa ta kogi. Ƙasa bakwai ke ci ta bakin birnin nan. Wani ɗan dako ya ce mana in jirgi ya makara a Tarmasu, amarya a ƙasa ta bakwai sai ta tare ba kwano. Mutanen garin kuwa duk harshen da ke da kaya a bayansa suna jin sa, har namu.

Tasalla ta tsuguna ta ɗebi ruwan teku ta kurɓa, ta furzar. "Wace mai nauyin hannu ce ta yi wa ruwan nan gishiri haka?"

Na ce, "Kada ki ba mu kunya. Haka ake yin sa."

Ƙarfe kuwa mun gan shi da idonmu, sanda-sanda, tari guda ya fi masallacin garinmu tsawo. Amma da muka kwance kanwa muka nuna, sai a lasa a yamutsa fuska a ce, "Gishirinku ya lalace." Ba su san ta ba. Wake ma ba sa ci, balle su san abin da take yi masa. Ga shi kuma kowane sito a cike, ba inda za mu sauke kaya, jakuna sun gaji.

Muna cikin haka da hantsi sai ga wani siririn mutum yana ƙamshin turare, zobe a kowane yatsa. Ya tsaya ya dafa ƙirji ya ce, "Allahu Akbar! Shekara talatin ina dillanci a tashar nan, na ga gemun gabas na ga na yamma, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ranka ya daɗe, sunana Kurmusu. Me babban attajiri yake nema?"

Nan da nan na gane mutum ne mai hankali. Na ce wurin sauke kaya.

Ya ce, "Wa yake haya da gemu irin wannan? Fili za ka saya."

Ya kai mu wani lungu da duwatsu suka kewaye kamar ƙwarya, dab da inda jirage ke tsayawa. Fili ne fari tas, sumul, ba ƙaya, ba tsakuwa, ba tururuwa. Kurmusu ya ce, "Sau biyu a yini ake share shi, a yi masa yayyafi, ba ka biya mai shara ko wuri."

Tasalla ta je ta shafa ɗaya daga cikin turakun da aka kafa a kan iyaka. Turken ya fi ni tsawo. Ta ce, "Anaruwa, me ya sa turken nan yake a jiƙe har samansa? Ga gansakuka ma."

Na ce, "Raɓa ce. Raɓar bakin teku tsayi gare ta."

Ta ce, "Waɗancan kuma da suke kan dutse, me suke wa dariya?"

Na ce, "Ke suke wa."

Ina da wani tsohon jaki na hawa, Duna, wanda ba ya cikin sittin ɗin. Ɗingishi yake, bakinsa kuma ya yi furfura, amma tun a hanya na shafe furfurar da baƙin tukunya. Na ce wa Kurmusu jakin sarauta ne, shi zan bayar a bakin fili. Ya ce ya ga kamar yana ɗingishi. Na ce, "Ɗingishi? Takama ce. Jinin gidan sarauta ba ya tafiya kamar na 'yan dako." Ya karɓa da sauri, ni ma na saki da sauri, kowa yana tausayin ɗan'uwansa a zuci.

Aka kira Sarkin Tasha, wani dattijo mai ido ɗaya wanda duk cinikin ƙasa a Tarmasu sai ya shaida. Al'adarsu ita ce a ɗaura igiya daga turke zuwa turke, in an ɗaura kuwa ba a kwancewa. Ya dube ni da idon nan nasa ya ce, "Baƙo, ka gani?" Na ce na gani. "Ka yarda?" Na ce na yarda. Ya sake tambaya har sau uku, har na fara jin haushi. Sannan ya ɗaura igiya ya ce, "Daga turken nan zuwa wancan, da duk abin da ya hau kansa, naka ne."

Na sa aka jibge kanwar jaki hamsin a tsakiyar filina. Tasalla ta ce nata goman ba za su sauka a inda kaguwa ke yawo da rana tsaka ba, ta kora su kan tudu. Na ce ƙauyanci dai ba ya ɓuya. Muka kai jakuna kiwo, muka shiga gari muka ci soyayyen kifi da kwakwa, na ɗan kishingiɗa a inuwa kamar yadda masu fili suke yi.

Da la'asar muka dawo.

Jama'a, babu fili. Ruwa ne shuɗi yana wasa, kan turaku kawai ake gani, igiyar Sarkin Tasha tana lilo a kan ruwa. Buhunan kanwa na ƙasa, ruwan wurin ya yi fari-fari yana kumfa.

Na ɗora hannu a ka na kwarma ihu, "Jama'a ku taimaka! An sace mini fili!"

Mutanen kan dutse, ashe tun safe jira suke, suka fashe. Wani har ya faɗa ruwa. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ji tausayina ta ce, "Ɗana, ba a gaya maka ba? Teku sau biyu yake cikowa a yini, sau biyu yake janyewa. Tun da aka halicce shi haka yake."

To, ku gaya mini, don Allah. A garinmu in ka bar tafki a wuri, nan za ka dawo ka same shi. Wa zai zaci akwai ruwan da ke zuwa yawo ya dawo kamar akuya?

Na ruga gaban Sarkin Tasha na kai ƙara, sai na tarar Kurmusu ya riga ni, yana jaye da Duna. Ashe jakin ya sha ruwa, baƙin tukunya ya wanke. Sarkin Tasha ya saurare mu duka. Ya ce mini, "An share filin?" Na ce an share. "An yi yayyafi?" Na ce yayyafin ya wuce kaina. Ya juya ga Kurmusu: "Jakin yana takama?" Kurmusu ya ce yana yi. Dattijon ya ce, "To ban ga wanda aka cuta ba. Allah ne ya haɗa ku. An ɗaura igiya, ku tashi ku ba ni wuri."

Na koma bakin ruwa na zauna a kan dutse. Nan fa dariya ta ƙare. Kanwar gari guda, ta shekara guda, na zuba wa kifi. Na tuna hannun Baba Nomau, na tuna yana can yana shafa wa zugazugi mai. Tasalla ta zo ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini ruwa, ba ta ce uffan ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin bakinta a rufe ba. Wannan shirun ya fi tsorata ni fiye da tekun.

Da gari ya waye na leƙa don in tsinci ko buhu ne. Teku ya sake janyewa, amma ya bar mini ajiya. Wani ƙaton jirgi ne kwance a tsakiyar filina, ya kishingiɗa a gefen dama cikin taɓo kamar saniya mai jiran haihuwa. Ma'aikatansa na ta zage-zage a sama. Maganar Sarkin Tasha ta faɗo mini: da duk abin da ya hau kansa.

Na sa babbar rigata, na taje gemu, na ɗauki tabarma da ƙoƙon ruwa da goro, na taka cikin taɓo har gindin jirgin. Sarkin jirgin ya sauko ta igiya, wani gabjejen mutum mai 'yan kunne, ana ce masa Rabbalo. Na shimfiɗa tabarma na ce, "Sannu da sauka, baƙona."

Ya ce, "Sauka? Ka ga alamar sauka na yi? Faɗuwa na yi!"

Na ce, "A wurinmu duk ɗaya ne. Wanda ya sauka a ƙofarka baƙonka ne. Ka ba shi ruwa, ka adana kayansa, ka nemo masa ciniki, shi kuma ba ya tsallake maigidansa ya sayar. Sha ruwa. Me ka ɗauko mana?"

Ya ce, "Ƙarfe."

Nan take na miƙa masa goro.

Sarkin Tasha ya iso da jama'a. Ya ce jirgi dai ba zai zama nawa ba, amma tun da ya hau filina, ba mai taɓa shi sai da izinina. Rabbalo ya ja ni ya nuna mini jikin jirgin ta waje. Tun daga ƙasa har inda ruwa ke tsayawa, wasu halittu ne masu ɓawo kamar dutse suka manne, kan wani kan wani, kauri ya kai kamu guda. Na ce, "Ashe jirgi ma yana yin kaska."

Ya ce, "Kira ta yadda ka ga dama. Ita ta kashe mini gudu, ita ta hana jirgin jin linzami har ruwa ya jefo ni nan. Kowane jirgi a tashar nan ita ke cin sa. Kwana arba'in ake yi ana sassaƙe ta da gizago. Iskar komawa gida kuwa saura kwana goma ta juya, in ta juya sai bayan wata shida. Kana son zama maigidana? Cire mini ita kafin nan, in loda wa jakunanka ƙarfe har su durƙusa. In ba za ka iya ba, naɗe tabarmarka."

Ina tsaye ina shafa gemu, ina neman ƙaryar da za ta kai kwana goma, sai ga Tasalla ta zo kirana karin kumallo, da muciya a hannu. Ta zagaya ta gefen da ya kwanta a taɓo, ta tsuguna tana leƙen halittun nan. Ta ce, "Wai ana cin wannan?" Ta sa muciya ta zungura.

Wani falle mai faɗin tabarma ya sulluɓo ya faɗi tim. Katako ya bayyana fes.

Ta sake zungura, wani ya sake faɗowa, lugub, kamar ƙanzon da ya kwana a ruwa. Ta lakaci taɓon ta ɗanɗana. Ta ɗago kai ta ce, "Anaruwa, zo ka ga wake ya ji kanwa."

Ashe lungun nan, saboda duwatsun da suka kewaye shi, bai bar kanwar ta fita duka ba. Ta narke ta zauna a taɓo, jirgi ya zo ya kwanta a ciki.

Ni kuwa Allah bai hana ni saurin tunani ba. Na ɗaga hannu na ce, "Jama'ar Tarmasu! Jiya kun yi dariya. Kuna tsammani mai gemu irin wannan zai zubar da kayan jaki hamsin a banza? Da gangan na zuba! Jiƙo na yi, ina jiran jirgi."

Aka ɗauki sowa. Ma'aikatan jirgin suka diro da allunan tuƙi, kafin azahar gefen dama ya yi sumul. Kurmusu ya sheƙo a guje yana jan Duna, wai a kwance ciniki. Sarkin Tasha bai ko dube shi ba ya ce, "An ɗaura igiya."

Da teku ya ciko aka juya jirgin, ya janye ya bar shi kwance a gefen hagu. Washegari aka zungura. Ko gezau. Aka buga, allon tuƙi ya karye. Ruwa ya riga ya wanke sauran kanwar. Rabbalo ya juyo ya ce, "To, maigida, tun da da gangan ka zuba, sake zubawa."

Na ce ya ba ni ɗan lokaci in duba taurari. Na hau tudu wurin Tasalla. Tana zaune a kan buhunanta goma, ta ɗora ƙafa kan ƙafa tana cin gyaɗa.

Na ce, "Tasalla, 'yar kawuna, hasken gidanmu."

Ta ce, "Yau kuma? Shekaranjiya ai ƙauyanci ne ba ya ɓuya."

Na ce, "Garinmu nake tunawa. Baba Nomau."

Ta ce, "Ni ma shi nake tunawa, shi ya sa zan bayar. Amma sai ka hau kan dutsen can, gaban mutanen da ka yi wa ƙarya, ka faɗi yadda aka yi. Da ƙarfi. Har da raɓa."

Na ce ta ɗauki rabin filin. Ta ce ba ta iya iyo ba. Na ce ta ɗauki rigata. Ta ce taɓo ya ɓata ta. Na auna gemuna a hannu ɗaya, garemanin Ɓaure-Uku a ɗaya hannun. Wallahi sai da na daɗe ina aunawa.

Na hau dutse. Na ce, "Jama'ar Tarmasu! Ni Anaruwa ɗan Korau, ba da gangan na zuba ba. Ban san teku na tafiya yana dawowa ba."

Tasalla ta ɗaga murya daga ƙasa: "Turke fa?"

Na ce, "Na ce raɓa ce."

Na rufe ido ina jiran jifa. Sai na ji Sarkin Tasha yana cewa, "Malam, ai har jakunanka sun sani. So muke mu ga ko za ka faɗa." Aka tuntsire da dariya, amma wata irin dariya ce daban da ta shekaranjiya. Rabbalo ya sunkuce ni ya ɗora a kafaɗa kamar buhun gero, ya ce maigidan da zai iya faɗin wannan a bainar jama'a zai iya riƙe amanar jirgi. Aka kawo ganguna. Tsohuwa mai kifi ta ja ni rawa har rawanina ya warware.

Tasalla kuwa ba ta zuba wa teku ko ƙwaya ba. Ta ce, "Wa ya taɓa jiƙa kanwa a tafki in ba bawan gidanmu ba?" Ta sa aka jawo ƙananan kwale-kwale aka jiƙa kanwar a ciki, aka kwaɓa da taɓo, in ruwa ya janye a yaɓe jikin jirgi kamar ana yaɓen katanga. Kafin ya ciko an kankare. Kayan jaki biyu suka gama jirgin Rabbalo cikin kwana uku. Sauran takwas ɗin, jirage suka yi layi a bakin lungun nan, kowane sarkin jirgi yana ce mini maigida, ni kuma ina shimfiɗa tabarma ina miƙa goro. Kurmusu ya ɗauka yashin wurin ne ke da sirri, ya kwantar da jirage biyu a wani fili nasa. Kwana huɗu suka yi ba abin da ya faɗo sai kaguwa. Daga baya ya zo ya tsuguna, na ɗauke shi mai kula da fili in ba na nan, don mutum ne da ya san gemu in ya gani.

Rabbalo ya cika alkawari. Jakuna sittin suka durƙusa da ƙarfe, sai da muka rage musu. Ya kama iskarsa saura kwana biyu ta juya, jirgin na tsala gudu kamar ɗan maraƙi. Mu kuma muka kama hanya. Mun shiga Ɓaure-Uku hadari na haɗuwa a gabas. Baba Nomau bai ko gaishe ni ba. Ya zari sanda ɗaya ya rungume, ya shige maƙera, kafin mu sauke jaki na ƙarshe garin ya ɗauki ƙarar guduma. Kwana tara aka yi ana daka, a na goma ruwa ya sauka.

Tun daga shekarar ayarin kanwa bai yanke ba tsakaninmu da Tarmasu. Jiragen da ke zuwa sau ɗaya a shekara yanzu sau biyu suke zuwa, allura ta yi arha har ƙasa ta bakwai, mutanen tashar ma Tasalla ta koya musu cin wake. Lungun nan kuwa, sunana ya kamata a sa masa. Ku je ku tambaya. Kwatar Tasalla ake ce masa.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. A hanyarmu ta dawowa mun sake isa Gadar Maƙaryata. Babbansu ya gane ni, ya ce, "A'a, mai gemu! Wancan karon da kanwa, yanzu da ƙarfe? Yaya aka yi?" Tasalla tana can baya tana ɗaure wa jaki kaya. Na duba na ga ba ta ji. Na rage murya na ba shi labari a taƙaice, na ce tun daga gida na tsara komai, da gangan na zuba.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya cire hularsa, ya kira sauran masu gadin suka jeru. Ya ce, "Ku buɗe. Daga yau mutumin nan da jakunansa da jikokin jakunansa kada a sake tambayarsu komai a gadar nan. Ya biya har abada."

Nan na sauke kayan labarina. Wanda ya ga an yi mini adalci, Allah ya ba shi fili a Tarmasu.